Kunun Sharar Masussuka

Shekarun baya, tun ina ɗinki da keken ƙafa a ɗakina a Kankia, wani abu ya same mu a gida wanda har yau in na tuna sai in yi dariya, in kuma ji ƙwalla ta taru mini. Jiya na ga wata ta sa hoton wani bawan Allah yana tangaɗi a bakin titi, ta rubuta a ƙasa wai ga ɗan maye. Shi ne abin ya dawo mini sabo, na ce bari in ba ku labarin yayana.

Mu biyu mahaifiyata ta haifa, ni da shi. Yana zaune da ita da iyalinsa a ƙauyenmu, can kusa da Yashe a ƙasar Kusada. Shi ke koyar da yara a Islamiyyar garin, shi ne kuma ladan, sannan yana noma kamar kowa. Halinmu kuwa ya sha bamban. Shi mutum ne mai sanyi, in kana magana da shi sai ka kasa kunne. Ni kuwa tun ina ƙarama an san ni da abu biyu, baki da kwaɗayi, kuma har yau ban ga wanda ya ragu a cikinsu ba. Akwai wata ɗabi'a tasa da muke yi masa tsiya a kai: ba ya iya wuce ƙwayar hatsi a ƙasa. Ko a hanya ya ga ƙwayar dawa sai ya duƙa ya ɗauka, ya ce ni'imar Allah ce, ba a taka ta.

Bayan an gama girbi a shekarar, matarsa ta kira ni a waya tana kuka. Da ƙyar na fahimci abin da take faɗi. Wai Malam yana cikin ba da karatu sai ya tsaya, ya fara tsince wasu abubuwa daga jikin allo yana cewa tururuwa ce, yana ƙyalƙyala dariya, yara suka watse da gudu. Washegari ya tashi garau, bai san an yi ba. Aka yi kwanaki lafiya. Sai kuma wata rana da hantsi ya shiga masallaci ya kunna lasifika ya kira sallah, mutane na gona suka ɗaga kai suna duban rana. Aka same shi idanu jawur, baki a bushe, harshe ya karye, yana tafiya kamar ƙasa na zille masa. An yi masa ruƙiyya, an sayo magani a kemis, abin ya tafi ya sake dawowa.

Da farko iska aka ce. Daga baya magana ta juya. Akwai wasu samari a garin da suka faɗa shan ƙwaya da maganin tari, suna zama wurin mai shayi, yayana kuwa ya daɗe yana zuwa ya zauna da su yana yi musu nasiha. Sai wani ya ce ai zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Shi ke nan, magana ta kama gari. Malam maye yake yi. Iyaye suka fara hana yara zuwa makaranta. Dattawa suka zauna suka yanke cewa ranar Juma'a bayan an sauko, za a sanar an sauke shi daga makaranta da ladanci gaba ɗaya.

Na bar ɗinkin mutane a kan keke, na ce wa maigidana na tafi. Ranar Laraba ce.

Da ɗan acaɓa ya sauke ni a bakin gari, sai na tarar da yara sun yi cincirindo a ƙofar gidan wani dattijo maƙwabcinmu. Shi ne shugaban iyayen yaran makarantar, shi ne kuma ya fi kowa zafi a kan a sauke yayana. Jakinsa ne ke zagaye turke yana cizon iska, ya yi karo da katanga, ya ja da baya ya sake yin karo, yara na ta shewa. Na ja tsaki na wuce, na ce a raina garin nan har dabbobinsa ba su da lafiya.

Mahaifiyata na same ta a ƙuryar ɗaki. Matar nan da ba a suna ko biki a garin ba ta je ba, an yi haihuwa katanga ɗaya da mu ta kasa shiga barka.

“In tahi in ce ma su mi?” in ji ta. “Ina shiga za a yi shiru. Ɗan da na goya, wanda ko goro bai ci, yau shi aka kira mashayi.”

Yayana ya rame, wuyansa ya fito. Na zauna a gabansa na ce, “Yaya, ka dubi Allah ka gaya mani gaskiya. Ni ƙanwarka ce, ko mi ne ne a cikina zai tsaya.”

Ya dubi tabarma ya ce, “Wallahi ban taɓa kai wani abu bakina ba. Amma kuma ban iya ƙaryata su, don sun gani da idonsu, ni ne ban gani ba. Wanda bai san abin da bakinshi ke hwaɗi ba, bai kamata ya riƙe lasifika ba. Su sauke ni, ba komi.”

Wannan “ba komi” ta ƙona mini rai fiye da zagin mutanen gari. Yana fita masallaci na shiga ɗakinsa na birkice shi tas, ƙarƙashin katifa, aljihun riguna, bayan littattafai. Ban samu komai ba sai asuwaki da kwalbar turare, ita ma sai da na shinshina.

Da safiyar Alhamis na tashi da yunwa, don ban ci abin kirki ba tun da na iso. Ina shiga madafa sai na ga kwano a rufe da faifai. Na buɗe, kunun jar dawa ne, ya yi kauri, ƙamshin citta da kanumfari na tashi. Matar yayana ta ce, “Gwaggon yara, aje wannan, na Malam ne. Na dama mashi na sahur don yana azumin Alhamis, ruwa kawai ya sha ya bar shi. Kuma bai bari kowa ya sha, dawarshi daban take, tsakuwa gare ta. Bari in dama maki na gero.”

Na ce, “Tsakuwa ta ci gidansu. Kafin ki hura wuta ai na mutu.”

Na zuba sukari, na zauna a kan turmi, na shanye shi tas har da suɗe ludayi. Na ji ɗan ɗaci a ƙarshe, na ce kanwa ce ta yi yawa.

Abin da nake iya tunawa shi ne bakina ya bushe kamar na ci garin rogo ba ruwa, jikina ya ɗauki zafi, hasken rana ya yi mini yawa. Daga nan sai labari. Kuma ku yarda da ni, akwai masu ba da labarin nan da yawa, don maƙwabta ta katanga suka leƙo. An ce na zaro tef ɗin awo daga jakata na nufi akuyar mahaifiyata, na auna ƙirjinta, na auna tsawonta, ina tambayarta riga da zane take so ko doguwar riga. Da ta ƙi tsayawa sai na hau ta da faɗa, wai irinsu ne ke motsi lokacin awo, in ɗinki ya fito su ce tela bai iya ba. An ce daga nan na durƙusa har ƙasa a gaban turmi ina gaishe shi, wai surukata ce ta zo daga Kankia.

Mahaifiyata ta ɗora hannu a ka. “Innalillahi! Duka biyun?”

Yayana ne ya nemo mota aka kai ni asibiti, aka kira maigidana ya same mu a can. Malamar asibiti ta haska idona da tocila, ta taɓa wuyana, ta ce, “Me ta ci tun safe?”

Matar yayana ta ce, “Ba ta ci komi ba, sai kunun Malam.”

An ce da ta faɗi haka, yayana ya juyo ya dubi matarsa, ita ma ta dube shi, sai ya nemi benci ya zauna. Malamar ta ce abin da take gani ya yi kama da na wanda ya sha zaƙami, a je a duba abin da aka dama kunun da shi. Aka sa mini ruwa, na kwana a can ina surutai da mutanen da babu su.

Asubar Juma'a na dawo hayyacina, kaina kamar an sara, ido na gani dishi-dishi. Da maigidana ya gaya mini abin da malamar ta ce, na tashi zaune na ce yau wace rana? Ya ce Juma'a. Na ce to a sallame ni, ko da rarrafe sai na isa gida kafin a hau mumbari. Ya san halina, bai tsaya musu ba.

Muna isa na sa aka jawo buhun dawar Malam, na zuba a faifai na kai wa mahaifiyata, don idona bai gama washewa ba. Ta baza da yatsa. Can sai ta tsinto wani abu, ta sake tsinto wani, ta jera a tafin hannu. 'Ya'ya ne ƙanana masu faɗi, baƙi-baƙi, sun saje da jar dawa, in ba ka sa ido ba sai ka ce tsakuwa ce.

“Haukata-yaro!” in ji ta. “Zaƙami ne wanga. Kai, ina ka samo dawar nan?”

A nan yayana ya yi bayani. A shekarar ya yi sussuka a wani tsohon mashekari, inda Fulani suka taɓa ajiye shanu, don ƙasar wurin ta daddale ta yi tauri. Gefen wurin akwai busassun ciyayi masu ƙwallo da ƙaya, bai kula da su ba. Da aka gama aka ɗure buhuna, sai ya ga hatsi ya warwatsu har cikin ciyayin. Kowa barin irin wannan yake yi wa tsuntsaye ko ya kwashe wa dabbobi. Shi kuwa ya sa tsintsiya ya share tas, ya sheƙe, ya ɗure a buhu daban. Ba zai sayar ba don kada ya cuci mai saye, ba zai fitar da zakka da shi ba don ba a ba Allah mafi muni, ba zai ba yara ba saboda tsakuwa. Sai ya ce a riƙa kai masa niƙa kaɗan-kaɗan ana dama masa shi kaɗai. Ranar da awon ya faɗo da 'ya'yan da yawa ya haukace, ranar da babu ya wuni lafiya.

Na ce, “Yaya, tashi mu tafi gidan Liman.”

Ya ce, “Ki bari dai a sauko…”

“A sauko da sunanka a ƙasa? Wallahi ko ka tashi ko in tafi ni kaɗai.”

Na ɗora faifan a ka, muka fita, ni da shi da maigidana. Mun tarar da Liman a zaure da dattawa, har da maƙwabcin namu mai jaki, ana ta shirin masallaci. Na yi sallama na durƙusa daga bakin ƙofa, na tura faifan gaban Liman.

“Allah gafarta Malam, ku yi mani haƙuri, mace ce a zauren maza. Amma jiya duk garin nan an ga abin da na yi, ba sai na maimaita ba.” Na ji wani ya danne dariya. “Kunun yayana na sha. Ga abin da ke cikin dawar.”

Liman ya tsinci ɗaya ya juya shi, ya miƙa wa na kusa da shi, ya zagaya hannu-hannu. Kowa ya gane shi. Yayana ya maimaita bayaninsa, kansa a ƙasa. Har na fara jin sanyi a raina, sai dattijon nan ya gyara murya.

“To ai zaƙamin ma 'yan maye ke sha. Yaran wurin mai shayi ba shi suke jiƙawa ba in ba su samu ƙwaya ba? Wa ya sani ko da hannunshi ya zuba?”

Na ga wasu suna gyaɗa kai. Maganar tasa kuwa ba za a ce babu hankali a cikinta ba. Na dubi yayana, na ga ya riga ya sallama. A daidai nan Allah ya kawo mini jakin nan a rai.

Na ce, “Baba, don Allah ina da tambaya. A ina ka yi sussuka bana?”

Ya ce, “Mi ya haɗa wannan da wancan?”

Wani daga gefe ya ce, “Ai a mashekarin nan ne, Malam na gamawa kai ka shiga.”

“To sharar taka, Baba, wa ka ba?”

Can ya ce, “Jaki na zuba mawa.”

Na ce, “Shekaranjiya da na shigo gari na ga jakin yana cizon iska yana karo da katanga. Halan shi ma wurin mai shayi yake zama?”

Zauren nan ya fashe da dariya. Wani tsoho har da faɗuwa gefe yana riƙe ciki, Liman ya sa gefen rawani ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Maigidana ya zungure ni wai in yi shiru haka nan, ni kuwa na riga na gama. Dattijon bai yi dariya ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, “La ilaha illallahu. Na ɗauka ciwon kai ne ya kama dabbar.”

Liman ya ce gani ya kori ji, ya tashi mutum biyu a babur. Ba a jima ba suka dawo da reshen zaƙami, ƙwallayen duk sun fashe, suka ce wurin kewaye yake da shi. Liman ya ajiye reshen kusa da faifan, ya ce, “Jama'a, mun kusa ɗaukar alhaki. Mayen da shari'a ke hukunci a kai shi ne wanda mutum ya san abu na gusar da hankali, ya ɗaga hannunshi ya sha. Wanda abin ya faɗa mawa bai sani ba, mara lafiya ne, dubiya ake zuwa yi mashi. Mu kau ba mu je dubiya ba, zama muka yi a kanshi.”

Na koma gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Muka zauna tsakar gida da mahaifiyata da matar yayana, muna jin lasifika. Bayan an sallame, Liman ya yi wa mutane bayani tun daga mashekari har faifai, ya ce duk wanda ya yi sussuka a wurin ya je ya duba hatsinsa. Sai muka ji wata murya daban ta karɓi lasifikar. Dattijon ne. Ya ce shi ya fi kowa ɗaga murya a kan Malam, don haka a gaban kowa yake neman gafararsa. Na ji daɗin wannan ƙwarai, kuma tun daga ranar nake ganin girman tsohon.

Da la'asar ta yi, muka ji an ƙwanƙwasa lasifika. Muryar yayana ta fito, siririya kamar kullum, ta ɗan karye a kabbarar farko sannan ta miƙe. Matarsa ta fashe da kuka. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Mahaifiyata kuwa ta tashi ta yi alwala. Ta idar da sallah, ta buɗe akwati ta ɗauko mayafinta na zuwa biki, ta ce za ta shiga barka. Gidan haihuwar katanga ɗaya ne da mu, amma sai da ta bi ta bakin kasuwa, ta bi ta ƙofar masallaci, ta zagaya ta wurin mai shayi tana amsa gaisuwa, sannan ta shiga.

Washegari samarin nan na wurin mai shayi su suka ɗauki fartanya suka je suka tumɓuke zaƙamin suka ƙone. Yara suka koma makaranta, aji ya cika har waje. Buhun kuwa rami aka haƙa aka binne shi, yayana na tsaye yana kallo kamar ana binne ɗan'uwansa.

Tun daga lokacin nake jin nauyin kalmar maye a bakina. Muna faɗinta da sauƙi, mu ce wane giyar mulki na ɗibarsa, wance mayen kuɗi take yi, mu yi dariya mu wuce. Amma ranar da aka liƙa ta a kan mutum ɗaya mai suna da uwa da 'ya'ya, na ga abin da take yi. Ta hana tsohuwa fita ƙofar gida, ta kusa raba malami da allonsa. Ni da na ɗanɗana, na san mai tangaɗi ba ya iya kare kansa, don bai ma san yana yi ba. Shi ya sa in na ga mutum a wannan hali, kafin in sa masa suna nakan fara tambaya me ya ci, me ya sha, wa ya kai shi asibiti. Kuma don Allah kada wani ya ce zai gwada abin da na sha. Malamar asibiti ta ce da kwanon ya fi haka girma, da wani labarin ake yi.

Yayana har yau shi ne ladan, har yau kuma yana tsintar hatsi a hanya, sai dai yanzu shara ta kaji ce, ita ma sai an tsince. A garin ba a kirana da sunana, telar akuya ake ce mini, yaran da ba a haifa ba lokacin ma sun san labarin. Ba na jin haushi ko kaɗan.

Ranar da zan koma Kankia, mahaifiyata ta rako ni har zaure. Matar nan tun ina yarinya take ce mini kwaɗayi mabuɗin wahala, ba ranar da ba ta faɗa ba. Ta kama hannuna ta danƙa mini ƙullin ƙuli-ƙuli da dakuwa, ta ce, “Ungo, ci abinki. Na bar yi maki faɗa.”